Wata Biyu Ta Ce, Na Rubuta Kwana Biyu

A Zangon Kwatano harshe jari ne. In ka taso daga bakin babban masallacin Zango ka nufi kasuwar Ganhi, kafin ka isa ka ji Hausa da Zabarmanci da Dendanci da Yarbanci da Fon da Faransanci, wani lokaci duka a bakin ɗan zem (wato ɗan acaɓa) guda mai riga ruwan ɗorawa. A cikin wannan cakuɗa aka haife ni, a nan na yi allo na yi boko, har Allah Ya sa na zama likita. Saboda haka a asibitin da nake aiki, inda ake turo mana ɗaliban likitanci su koyi aiki a gefen gado, ni ake nema in an kawo Bahaushe ko Bazabarme da ba ya jin Faransanci. Ina taƙama da hakan ba kaɗan ba. Na sha gaya wa ɗalibai cewa rabin magani a bakin marar lafiya yake, wanda bai iya sauraro ba ya ajiye abin awon ƙirji ya tafi kasuwar Dantokpa ya kama sana'a. To ga abin da mai wannan wa'azi ya aikata.

Da damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana benci har waje. Aka shigo da wata matashiya tana tafe a duƙe, wata dattijuwa na tallafe da ita. Kafin su zauna dattijuwar ta ce, "Likita, kurma ce, ba ta ji, ba ta magana. Matar ƙanena ce, duk abin da kake so ni za ka tambaya." Na ce, "To madalla, Hajiya," na juya kujerata ta fuskance ta. Ɗalibai na tsaye a bayana da littattafansu.

Hajiya ta ba ni labari tsaf. Daga wani ƙauye na jihar Maradi aka auro ta, sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, mijin yana dako a tashar jiragen ruwa. Ciwon ciki ne da kasala, kuma bara ma ta yi irinsa. Na ce, "Ta ga al'adarta?" Ta ce, "Ta gani mana," ko waiwayar yarinyar ba ta yi ba. Na rubuta.

A nan ne yarinyar ta jawo hannun rigata. Ta ɗan karkata jiki yadda Hajiya ba za ta gani sosai ba, ta nuna sama, ta lanƙwasa yatsa siffar jinjirin wata, ta ɗaga yatsu biyu. Sai ta danna mararta ta gefen dama, ta kai hannu ta dafe kan kafaɗa tana yamutsa fuska. Ta sake yi daga farko, a hankali, idonta cikin nawa. Cikin duk wannan yatsu biyun kawai na ɗauka, na rubuta cewa ciwon ya kwana biyu. Kafaɗa kuwa Hajiya ta ce ɗaukar bokitin ruwa ne.

Wata ɗaliba 'yar ƙabilar Fon, wadda ko "sannu" ba ta iya ba, ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Malam, kamar akwai abin da take son gaya mana. Ko a yi mata gwajin ciki?" Na ce mata an riga an amsa wannan tambayar, ta leƙa waje ta ga layi. Na taɓa cikin sama-sama, awon jini bai faɗi ba, gwajin zazzaɓi kuma ya nuna akwai ƙwayar cutar, abin da za ka samu a jinin mutane da yawa da damina ko da wani ciwo ne daban ya kawo su. Na rubuta maganin zazzaɓi da na rage zafi, na yi wa Hajiya bayanin yadda za a sha. Sannan na dubi yarinyar na ɗaga mata babban yatsa. Ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

Cikin daren aka dawo da ita ranga-ranga, jiki ya yi sanyi, gumi na keto mata, ido fari fat. Ciki ne na wata biyu da ya zauna a wajen mahaifa, cikin siririn bututun da ƙwai ke bi, ya fashe yana zubar mata da jini ta ciki. Abokan aikina suka shiga da ita tiyata suka cire bututun, mijinta da abokan dakonsa suka ba da jini. Allah Ya yi da sauran kwananta. Da safe na tarar da katinta a kan teburina. Babu wanda ya ce mini uffan, rubutun hannuna ya isa.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne babu ko ɗaya cikin alamomin nan da ban sani ba. Ni da bakina nake koyar da cewa jinin da ya taru a ciki yana taɓo tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma hanyarta ɗaya da ta kafaɗa, shi ya sa mace za ta yi kukan kafaɗa alhali ɓarnar tana mara. Ni nake cewa duk macen da ke shekarun haihuwa in ta zo da ciwon mara a ɗauka ciki ne har sai gwaji ya ƙaryata, gwajin fitsari na 'yan mintoci. Yarinyar ta jero mini su bi da bi: ɓatan wata biyu, ciwo a gefe guda, kafaɗa. Da da baki ta faɗa, da kowane yare cikin waɗanda nake taƙama da su, da ban bari ta taka ƙofa ba. Jin an ce kurma ce ya sa na cire ta daga cikin masu ba da labari, ta zama ciki kawai da za a latsa.

Hajiya kuma ba ƙarya ta yi mini ba, ba ta sani ba ne. Wace amarya ce a ƙasar Hausa za ta tari yayar miji ta ce ta yi ɓatan wata? Cikin fari ɓoye shi ake yi har ya tona kansa. Ni ɗan gida ne, na san wannan sarai, kuma da mai ji ce da na ce Hajiya ta ɗan ba mu wuri. Ita yarinyar ta san ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta cije ta ajiye kunya ta faɗa wa likita, likitan ya kau da kai. Ɗalibar nan kuwa, da yake ba ta jin Hausa, ta saba karanta fuska da hannayen mutanen Zango, shi ya sa ta ga abin da ban gani ba. Na nemi afuwarta a gaban 'yan ajinsu, tunda a gabansu na gwale ta.

Da yarinyar ta samu sauƙi na je gidansu neman gafara. Mijin ya kirawo wata maƙwabciya da ta tashi a hannun uwa kurma ta yi mana tafinta. Na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kallona kafin hannayenta su motsa. Ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amma tana da tambaya: me aka cire mata? Ashe tun daga daren nan har aka sallame ta babu wanda ya yi mata bayani. Mijin aka yi wa, shi ya dangwala yatsa a takardar amincewa. Ita ta farka ta ga ɗinki a mara, ta yanke wa kanta cewa mahaifar aka cire, ta yi ta kuka a ɓoye tana jiran ranar da za a yi mata kishiya ko a mayar da ita gida. Na zana mata mahaifa da bututu biyu a bayan takardar magani, na soke ɗaya, na nuna mata ɗayan na nan, kuma mata da yawa suna haihuwa da shi. Ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin zane.

Na dawo da zafin gyara, sai na sake tafka wani shirmen. Na shiga intanet na sauko da bidiyoyin yaren kurame na Faransa, tunda da Faransanci muke karatu, na haddace alamomin ciwo da magani da allura, na riƙa tara ɗalibai bayan zagayen ɗakuna ina koya musu. Har na fara jin na rage bashi. Ran nan wani malamin makaranta, kurma, ya kawo ɗansa asibiti, na tare shi da sabon ilimina. Ya dube ni ya tuntsire da dariya, ya karɓi biro ya rubuta mini: "Likita, wannan na Faris ne. Mu a nan ba shi muke yi ba."

Shi ya warware mini tarihin. Yaren da kuramen Benin 'yan makaranta suke yi daga Amurka tushensa yake, ta hannun Andrew Foster, wanda sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala digiri a Gallaudet, jami'ar kurame ta birnin Washinton, a 1954. Ya buɗe makaranta a Akra ta Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13 na Afirka. A Ibadan ya riƙa horar da malamai daga ƙasashe rainon Faransa, suka koma gida da alamomin Amurka suka ɗora su a kan kalmomin Faransanci. Ta wannan hanya makarantar kurame ta unguwar Vedoko a nan Kwatano ta samu a shekarun 1970. Shi ya sa kurman Kwatano da ya yi makaranta ya fi saurin fahimtar takwaransa na Legas ko Akra a kan na Faris.

Na ce to shi ke nan, sai in koma wannan. Ya girgiza kai ya ce yarinyar da na ba shi labari ko wannan ɗin ba za ta gane ba, tunda ba ta taɓa shiga aji ba. Nata yaren maganar hannu ce ta ƙasar Hausa, wadda kurame ke gadar wa juna a kasuwa da zaure da bakin masallaci tun kafin a san boko. Makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano sai a 1977 aka buɗe ta, ta tarar da maganar hannu daram, har da sarautar Sarkin Bebaye. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci yaren, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000, ta nuna cewa cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Ni da nake ganin na ƙure harsunan Zango, ashe akwai guda da ake yi a ƙofar gidanmu tun ina yaro, a rumfar wani mai wankin hula inda kurame ke haɗuwa bayan la'asar. Mukan wuce muna kwaikwayonsu muna dariya.

Da na sauke rawanin malanta a wannan fage sai na fara binciken yadda wasu suka yi. A makarantar likitanci ta Jami'ar Rochester a Amurka, tun 1998 suke juya wa ɗaliban shekarar farko asibiti: kurame ne likitoci, su ne masu ba da kati da masu ba da magani, ɗalibai su ne marasa lafiya, kuma an hana buɗe baki. A Faris, likita Jean Dagron ya fara duba kurame da yarensu a asibitin Salpêtrière a 1995, lokacin da aka lura faɗakarwa kan cutar ƙanjamau ba ta isa gare su, daga nan irin wannan sashe ya bazu zuwa wasu biranen Faransa. Kusa da mu, Jami'ar Cape Coast ta Gana ta sa yaren kurame cikin karatun ɗalibanta na likitanci. Na Rochester ɗin ya fi dacewa da aljihunmu, don ɗaki da benci kawai yake buƙata, sai kuma kuramen kansu.

Sai muka kwaikwaye shi, muka gayyato malamin nan, da mai wankin hular nan wanda yanzu ya tsufa, da wasu mata kurame, muka biya su yadda ake biyan kowane malami. Na dage a kan biyan, don mun saba kiran masu nakasa a ɗauki hoto a sallame su da lemo da kuɗin zem. Na ce ni ma a sa ni a layi. Aka ba ni 'yar takarda cewa fitsarin jini nake yi. Na zauna a benci ina jira, ashe tuni an kira ni da hannu ban sani ba, na baya suka yi ta wuce ni. Da na shiga, Baba mai wankin hula ya hakimce a kujerar likita, ya zuba tambayoyi da hannu, da sauri, idonsa a kan ɗan rakiyar da aka haɗa ni da shi. Na yi ƙoƙarin nuna abin da ke damuna, kunya ta kama ni, ga ɗalibaina na kallo. Ya miƙo mini ƙwayoyi kala biyu, ya yi wani dogon bayani, ya ɗaga mini babban yatsa. Wallahi ban san lokacin da na gyaɗa kai ba, har da murmushi. Ko alama ɗaya ban gane ba, so nake kawai in fita daga ɗakin.

A hannun waɗannan malamai muka kwashi abin da babu a littattafanmu. Ɗaya daga cikin matan ta ce ta taɓa wuni a asibiti tun asuba har aka tashi, don da baki ake kiran suna. Wata ta ce ranar da ta je haihuwa an sa mata ƙarin ruwa a hannu ɗaya, ungozoma ta danne ɗayan, ta ce mu ƙaddara an cusa wa mai naƙuda tsumma a baki. Fitilar da muke kashewa a ɗakin hoton ciki, a wurinsu an katse magana ke nan, haka ma takunkumin da ke rufe mana rabin fuska. Ɗalibai da yawa sun ɗauka kowane kurma yana karanta leɓe. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce "bari", ya ce "ɓari", ya ce "mari" ba tare da sauti ba, ya ga ko zai iya rarrabewa, alhali a ɗakin awo tsakanin na farko da na biyu akwai rai. Ɗaga murya ba ya ƙara komai sai ɓata fuska. Rubutu sai ga wanda ya yi makaranta, shi ma a gajarce, da kalmomin yau da kullum. Baba kuwa cewa ya yi in za mu ba irinsa magani mu ɗaura shi a kan lokutan salla, mu jera ƙwayoyin a tebur, sannan mu sa shi ya nuna mana da hannunsa yadda zai sha. In ya nuna daidai ya gane, in ya gyaɗa kai kawai mu sake daga farko.

Ba zan yi wa kowa kuri ba, 'yan awoyi ba sa mayar da ɗalibi tafinta. Alamomin gaisuwa da na ciwo da jini da wata da amai suna sa marar lafiya ya saki jiki, amma ba da su za ka yi wa mace bayanin tiyata ko ka gaya wa mutum yana da ciwon daji ba. Akwai ma haɗari a ciki, don mai alamomi kaɗan yakan ɗauka ya gane, irin ganewar da na yi wa yatsu biyu. Abin da na fi so ɗalibi ya fita da shi shi ne ya san inda iyawarsa ta tsaya, ya nemi ƙwararren tafinta, mace ga mace a ɗakin haihuwa. Wani lokaci ma sai an haɗa biyu, kurma ɗan makaranta ya ɗauko daga maganar hannu, mai ji ya isar wa likita.

Wani abokin aiki ya ce mini manhaja ta riga ta cika, kurame nawa ne da za a ƙara wa ɗalibi kaya saboda su? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, rahotonta na 2024 kuma ya ce kimanin miliyan 40 ke fama da matsalar ji a yankin Afirka. Mu da danginmu ke ƙasar sanƙarau ko rahoto ba ma buƙata. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, cikin waɗanda suka tsira kuma akwai da dama da suka tashi babu ji. Yaran wancan lokacin su ne iyayen da ke zuwa mana awo da rigakafi yau. Ga ƙyanda, ga shawarar jarirai, ga kunne mai zubar da mugunya da ake rainawa. Ga kuma namu hannun, don allurai irin su jentamaisin in an yi ganganci da su suna kashe ji har abada. Ta fuskar doka, Benin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2012, ta kafa tata dokar ranar 29 ga Satumba 2017, Najeriya kuma aka sa hannu a tata a Janairun 2019. Haƙƙin yana rubuce, saura a gan shi a ɗakin likita.

Ina kira ga shugabannin tsangayoyin likitanci na Kwatano da Paraku, da na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai da Maradi, har da makarantun ungozoma da na malaman jinya: inda aka riga aka fara a ƙara ƙaimi, inda ba a fara ba a ware ko da rana guda a shekarar farko, a kuma maimaita kafin ɗalibi ya shiga ɗakin haihuwa. A ɗauko malaman daga cikin kurame, 'yan makaranta da masu maganar hannu duka, a biya su. Kai kuma ɗan uwa, in ta kama ka raka kurma asibiti, kada ka amsa tambayar da ba ka yi mata ba. Ka zauna daga gefe, ka ce wa likita ita zai duba, in aka zo maganar mata ka nemo mata mace da ta yarda da ita, kai ka fita waje.